Sharhi kan sabon saitin birki da na sa wa tsohuwar a-kori-kura

Motar a-kori-kura ce mai injin dizal, ƙirar tsakiyar shekarun 1990, daga cikin manyan nan masu noti takwas a kowace taya waɗanda aka ƙera domin lodi da jan tirela. Kamar yawancin sa'o'inta, birkin faifai ne a tayoyin gaba, birkin duram kuma a na baya. Injinta bai gaza ba har yau, amma birkinta ya daɗe yana tayar mini da hankali a doguwar gangara: takun farko ya kama da kyau, na gaba ya ɗan yi laushi, kafin a sauko ƙasa kuwa ƙafa ta kusa kai daɓen mota, ga ƙaurin ƙuna yana shigowa ta taga. Shi ya sa na sayi cikakken saiti mai ɗauke da faifai masu tsaga a fuska, da fad mai haɗin ƙarfe (fad shi ne abin da ke matse faifai idan an taka birki), da tiyon man birki mai saƙar ƙarfe, na kuma sa makaniki ya canza man birki gaba ɗaya, ya buɗe duram na baya ya gyara.

Aikin birki shi ne mayar da gudu ya koma zafi, kuma zafin ba ya ƙaruwa daidai da gudun, domin idan gudu ya ninka sau biyu, zafin da birki zai haɗiye ninki huɗu yake yi. Zafin nan ta hanya biyu yake kashe birki, kuma ƙafar direba tana iya bambancewa. Idan fad ne ya ƙone, birkin yana nan da taurinsa amma motar ba ta tsayawa. Idan kuwa mai ne ya tafasa, sai birkin ya nutse kamar an taka soso, saboda tururi yana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Matsalar motata ta biyun ce, kuma a nan ne abu mafi araha a cikin aikin ya fi komai tasiri. Man birki aji-aji ne, kowane da lambarsa ta DOT, kuma ƙa'ida ta tanadi cewa sabon mai na DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, na DOT 4 kuma 230, amma dukansu biyu suna shan danshi daga iska, kuma idan sun sha, ma'aunin yana sauka zuwa 140 da 155. Man da aka zuƙe daga motata ya yi baƙi ƙirin, har da guntun datti a gindin kwalbar. Na koma DOT 4. Duk mai son yin haka ya kiyayi DOT 5, wanda lambarsa ke ruɗin mutane su ɗauka shi ne na gaba a daraja, alhali silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran biyun.

Tiyo mai saƙar ƙarfe ya cika alkawarinsa, sai dai alkawarin ba shi da girman da masu talla ke ba shi. Ba ya ƙara wa birki ƙarfi ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne hana kumburin da tsohuwar roba ke yi idan an taka, don haka birkin yana yin tauri kuma ƙafa tana sanin daidai inda ya fara kamawa. Da aka yanka ɗaya daga cikin tsofaffin tiyon gaba, mun tarar cikinsa ya ruɓe ya kusa toshewa, irin toshewar da ke barin mai ya shiga kalifa, wato abin da ke matsa fad a kan faifai, amma ta hana shi komawa da sauri. Wannan ne ya bayyana dalilin da fad na wannan ɓangaren ya fi na ɗayan cinyewa.

Fad ɗin shi ne ɓangaren da na fi gamsuwa da shi. A gefen fad yawanci akan buga haruffa biyu, na farko yana nuna kamunsa kafin ya yi zafi sosai, na biyu kuma kamunsa da zafi, kuma duk yadda harafi ya yi gaba, kamun ya fi ƙarfi. Tsohon da aka cire FE ne, wato yana raguwa idan ya ɗauki zafi, sabon kuwa FF ne. Na guji na siramik da gangan, domin duk da shirunsa da tsabtarsa, mai haɗin ƙarfe ya fi shi jure wa lodi. Kuɗin wannan juriya ana biyansa da baƙar ƙura da ke lulluɓe rim, da ɗan kukan da birkin ke yi da sassafe kafin ya ɗumama.

Faifai masu tsaga kuwa, a ganina su ne suka fi kyan gani kuma suka fi ƙarancin amfani. Abin da ke sa faifai ya jure zafi shi ne kaurin ƙarfensa da hanyoyin iskar da ke tsakiyarsa, kuma tsofaffin nawa sun riga sun sauka ƙasa da mafi ƙarancin kaurin da aka buga a jikinsu, don haka duk sabon faifai mai nagarta da ya kawo sauyi. Tsagar tana share fuskar fad, amma tana cinsa da wuri, kuma idan an taka da ƙarfi akan ji wani ɗan gurnani a ƙafa. Masu huda ban ko kalle su ba, saboda a mota mai nauyi tsagewa daga bakin hudar take farawa. Ƙorafina a kan saitin shi ne bai zo da sabbin fil da maƙalan kalifa ba, takardar bayaninsa kuma ba ta ce komai ba game da kankare tsatsar mazaunin faifai kafin a ɗora shi, alhali tsatsa kaɗan ta isa ta sa ya zauna a karkace, sitiyari ya riƙa rawa.

Ban mayar da duram na baya faifai ba, ko da yake an yi ta ba ni shawarar haka. Sauyin yana taɓa birkin hannu da rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya, kuma a-kori-kura da babu kaya a bayanta ba ta buƙatar abin da zai sa tayoyin baya su riga na gaba kullewa. Abin da duram ɗin ke buƙata shi ne sabon lainin (abin da ke goga cikin duram idan an taka birki) da sifirin, da kwance na'urar daidaita tazara wadda tsatsa ta daskarar, har lainin ya yi nesa da duram. Rabin nisan da ƙafata ke yi kafin birki ya kama daga nan yake.

Bayan an haɗa komai, sai da na zaunar da fad a kan faifan: a ɗauki matsakaicin gudu, a taka har mota ta kusa tsayawa, a saki, a maimaita sau da yawa, sannan a yi tafiya ba taka birki har ya huce. Tsayawa cak da ƙafa a kan birki mai zafi yana barin tambarin fad a fuskar faifai.

A mota ba lodi, a kan shimfiɗaɗɗen titi, nisan tsayawa bai ragu sosai ba, domin a takun farko taya ce ke yanke hukunci. Bambancin a gangara yake, inda takun ƙarshe ya zama daidai da na farko, kuma ƙaurin nan ya ɓace. Har yanzu ina sauka da ƙaramar giya, kuma tirela mai nauyi tana da birkinta na kanta, domin babu saitin da zai sa ƙafa huɗu su yi aikin takwas. Wanda motarsa ke jan kaya zai ci ribar man, da tiyon, da fad ɗin. Idan waɗannan faifai suka ƙare kuwa, marasa tsaga zan saya.