Hilux ta fetur da ta gazuwal a lokacin hunturu: amsa ga tambayar Alhaji

Assalamu alaikum. Shekaranjiya Alhaji ya kawo tambaya a wannan zaure, amsoshin da aka ba shi kuma suka rabu gida biyu, shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta nawa a tsanake. Ga wanda bai gani ba, Alhaji yana da Hilux mai injin fetur 2.7, wadda a lissafinsa take shan lita 12 a kilomita 100, amma tun shigowar Disamba ta koma 14. Ya karanta a intanet cewa sanyi yana iya cinye kusan rubu'in man mota, ga shi kuma wani ya yi masa tayin musanya da Hilux ta gazuwal, wato dizal, yana ce masa ita ba ruwanta da sanyi. Abin da yake son sani shi ne ko maganar gaskiya ce, kuma ko musanyar za ta biya shi.

Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya, abin da ka karanta ba ƙarya ba ne, sai dai ba da sanyinmu aka auna shi ba. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ce ta bayyana cewa motar fetur mai zirga-zirgar cikin gari tana rasa kimanin kashi 15 cikin ɗari na nisan da lita take kai ta idan ma'auni ya sauka digiri 7 ƙasa da sifili, in an gwada da ranar da yake kan digiri 25, kuma asarar tana iya kaiwa kashi 24 idan tafiyar ba ta wuce kilomita 5 zuwa 6 ba. Wannan sanyi ne da ruwa yake zama ƙanƙara a cikinsa, ana tuƙi a kan hanya mai santsi, an kunna na'urar ɗumama ciki, man da ake sayarwa a lokacin ma an gauraya shi yadda zai yi saurin zama tururi, abin da yake rage masa ƙarfi kaɗan. Mu nan Maradi, a tsakiyar ɗari, ma'auni yakan sauka wajen digiri 12 zuwa 15 da asuba, kafin la'asar kuma ya hau kusan 30. Ranar da muke ƙudundune cikin bargo muna jin wuta a ƙofar gida, su a can rana ce ta fita shan iska. Saboda haka sanyi yana da hannu a cikin lita biyun da suka ƙaru maka, amma ba shi kaɗai ya ci su ba, kuma a ganina ba shi ya ci kaso mafi girma ba.

Mu ɗauki motocin biyu da safe, dukansu sun kwana a waje. Fetur ba ya ƙonewa da kyau sai ya zama tururi, kuma idan ƙarfen inji ya yi sanyi, wani ɓangare nasa yakan lafe a jikin ƙarfen bai gauraya da iska ba. Don haka kwamfutar motar take ƙara turo mai, take kuma ɗaga sautin inji, har sai ruwan lagireto ya fara ɗaukar zafi. Duk mai Hilux ya san wannan kukan na farkon tashi da yake sauka a hankali. A mintunan nan motar fetur tana shan mai fiye da ƙima, sai dai tana da halin kirki guda, wato tana saurin ɗumi. Ta gazuwal kuwa ba ta da buji mai tartsatsi, zafin matse iska ne yake kunna mata mai, shi ya sa sanyi yake kama ta a wajen tashi: a jira fitilar ɗumama ta mutu kafin a murza makulli, ta tashi da ƙwanƙwasa, wani lokaci da farin hayaƙi, musamman idan batir ya tsufa. Ba ta zuba mai kamar ta fetur a farkon tashi, amma da yake injinta yana mayar da mafi yawan man ya zama ƙarfi, zafin da yake zubarwa kaɗan ne, sai ta daɗe ba ta yi ɗumi ba, balle idan an bar ta a tsaye. Baƙin man inji da na giya da na ƙafafu kuwa, a dukansu biyun yana yin kauri da safe yana riƙe ƙarfe, mota mai jan ƙafa huɗu kuma ta fi jin wannan saboda yawan haƙoran da take juyawa.

Wanda ya ce maka ta gazuwal ba ruwanta da sanyi ya faɗi rabin gaskiya ke nan. A ƙasashen ƙanƙara ma ita ce ta fi wahala, domin gazuwal yana yin kaki ya toshe matata idan ma'auni ya kusanci sifili, abin da ba ya faruwa a nan. A sanyinmu dukansu biyun suna biyan haraji a kilomitocin farko, idan inji ya kai zafinsa na aiki, wajen digiri 85 zuwa 90, harajin ya ƙare. Wanda ya tashi daga Maradi ya nufi Tasawa ya biya sau ɗaya, ya raba shi a kan kilomita fiye da ɗari, ba zai ma ji shi ba. Wanda yake fita daga unguwar Zariya zuwa babbar kasuwa, ya kashe, mota ta huce, ya sake tayarwa, kullum cikin haraji yake tafiya.

Akwai abu guda da nake so a duba maka kafin komai, domin ni ma ya taɓa cin kuɗina. Injin mota yana da wani ɗan murfi da ake kira tamostat, wanda yake tsare ruwa kada ya shiga lagireto sai inji ya yi zafi. Makanikai da yawa a ƙasar nan, da zarar mota ta yi zafi a watan Afrilu, sai su cire shi su jefa a gwangwani, su ce na ƙasar sanyi ne. An yi wa tawa haka ban sani ba, sai wata safiyar Janairu na lura har na wuce Tibiri, na kusa Gidan Rumji, kibiyar zafi tana kwance a ƙasa ba ta motsa ba. Motar fetur da aka yi wa haka, kwamfutarta tana ɗauka har yanzu ba a gama ɗumi ba, sai ta ci gaba da ƙara mai tsawon tafiya. Da rani laifin yakan ɓuya saboda zafin gari, hunturu ne yake tona shi. Idan kibiyarka ba ta kai tsakiya bayan tafiyar minti goma zuwa sha biyar, to ga ɓarawon nan.

Na biyu shi ne ɗumama mota a tsaye. Mun saba direba ya tayar da inji bayan asuba, ya tafi wajen mai shayi, ya sha, ya yi gaisuwa, ya dawo bayan minti 20. Injin fetur da yake aiki mota tana tsaye yana shan kamar lita 1 zuwa 2 a awa, gwargwadon girmansa, wato a minti 20 an ƙone sulusin lita ko fiye, ba a je ko'ina ba. Tafiyar kilomita 4 kuwa, a kan lita 12 ɗin da ka faɗa, ba ta cika rabin lita ba. Ka ga ke nan ɗumamar tana neman cin abin da tafiyar kanta take ci. Ta gazuwal ta fi sauƙin sha a tsaye, amma ita ma ba ta amfana, tunda ba ta ɗumi sai tana ja. Rabin minti zuwa minti ɗaya ya isa baƙin mai ya zagaya, sannan a tafi a hankali ba tare da taka totur da ƙarfi ba.

Sauran abubuwan kuwa ba sanyi ba ne, tare da shi dai suke zuwa. Iskar hunturu daga gabas da arewa take busowa, mai zuwa Damagaram kuma gabas ya dosa. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa take yi: motar da take kilomita 90 a awa, iska mai gudun 20 tana dukan goshinta, turjiyar da take fuskanta ta ƙaru da kusan rabi, kuma abin da iska za ta mayar mata a hanyar dawowa bai kai abin da ta karɓa ba. Idan an yi lodi ya zarce kan direba, abin ya ƙara muni. Ƙura kuma tana toshe matatar iska; a bubbuga ta a ƙasa a ga jan gari yana zuba kamar an zazzage buhu. A nan motocin sun bambanta. Ta fetur ta zamani tana auna iskar da ta shiga ta rage mai daidai da ita, sai ƙarfi ya ragu, direba ya riƙa danna ƙafa. Tsohuwar ta gazuwal, irin mai injin 5L, ba ta da wannan dabarar sosai, takan fitar da baƙin hayaƙi, baƙin hayaƙi kuwa mai ne da bai ƙone ba. Taya ma tana rasa kamar 0.1 na bar, wato ma'aunin iskar taya, a duk saukar digiri 10, abu kaɗan ne, mai faci zai gyara shi da safe kafin taya ta yi zafi.

Sannan kada mu manta wane lokaci ne Disamba a wajen ɗan kasuwar Maradi. An gama kaka, wake da gyaɗa da riɗi da aya suna fitowa daga ƙauyuka, buhu goma masu kilo 100 kuwa tan guda ne, kusan iyakar abin da aka ƙera Hilux ta ɗauka. Idan a watan nan tafiyarka ta koma ta kasuwannin ƙauye, kan burji da rairayi, da giya ta biyu da ta uku, to wannan kaɗai zai iya kawo lita biyun. A nan ne ta gazuwal take nuna fifikonta na gaskiya, domin litar gazuwal ta fi ta fetur ƙarfi da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, injinta kuma yana ja da ƙarfi tun yana juyi a hankali, shi ya sa lodi ba ya ɗaga shanta kamar yadda yake ɗaga na fetur. Abin lura kuma, da ɗari ba ka kunna kilim, wato na'urar sanyaya mota, alhali a tsananin zafi kilim yana iya cin fiye da rubu'in mai a gajeriyar tafiya. Motar da take lafiya a Maradi, Afrilu da Mayu ne ya kamata su fi yi mata tsada, ba Janairu ba.

Game da alƙaluman da mai tayin zai nuna maka a takardar kamfani, a ɗakin gwaji ake samo su, ba kan hanyar Dakwaro ba. Gwajin Turai na yanzu, wanda ya fara aiki a 2017, a digiri 23 ake yin sa, ba rairayi, ba iskar hunturu. Idan kuma na Amurka ne, mil a galan suke rubutawa, sai a raba 235 da adadin a samu lita a kilomita 100. Mil 20 a galan ya zama lita 11.8.

Yanzu kuɗi. A farashin da gwamnatin Nijar ta sanya a Yulin 2024, litar fetur sefa 499 ce, ta gazuwal 618, wato dole ta gazuwal ta rage sha da kusan kashi ɗaya cikin biyar kafin ma su yi kunnen doki. Mu ƙaddara taka tana shan 13 a tsakaice, sefa 6,487 ke nan a kilomita 100. Idan ta musanyar tana shan 9, kuɗinta 5,562, ka tsira da 925. Idan ta gaji tana shan 10, abin da ya rage maka 307 ne kawai. A kilomita 20,000 a shekara, na farko ya ba ka sefa 185,000, na biyu 61,400, kuma gyara ɗaya na famfon gazuwal ko na allurorinsa yana iya haɗiye na biyun ya nemi ƙari. Injinan gazuwal na zamani, irin su D-4D, ba su jure gurɓataccen mai ko mai ruwa a ciki, don haka mai irinta sai ya yi hattara da inda yake sha.

Ra'ayina, Alhaji, idan yawancin tafiyarka cikin gari ce, sai jefi-jefi ka leƙa Tasawa ko Katsina, ka riƙe ta fetur ɗinka. Idan kuwa aikinka ya koma lodi da doguwar hanya kowane mako, ta gazuwal mai lafiya za ta biya ka, amma lodin ne dalili, ba sanyi ba. Kafin ka ba mai tayin amsa, a duba tamostat da matatar iska, a daina dogon ɗumi, sannan ka auna da kanka: ka cika tanki a gidan mai har famfo ya katse, ka rubuta kilomita, bayan tafiya ka koma famfon nan ka sake cikawa, ka ninka litocin da ɗari ka raba da kilomitar da ka yi. Kwalaben ruwa-ruwa na bakin hanya ba a awo da su, tunda ba kowace kwalba ce lita cikakkiya ba. Ka yi haka tanki uku a jere, kana rubuta lodin kowace tafiya, shi ma mai ta gazuwal ka nemi ya ba ka ita ka yi mata tanki ɗaya a kan hanyar da ka saba bi.