Kai kwikwiyo asibitin dabbobi karon farko a Legas: likitar ta san aiki, sikelinsu ne matsala

Sharhi ne kan wani asibitin dabbobi mai zaman kansa da ke tsakanin Agege da Ikeja, da tsarin da suke kira duban farko na kwikwiyo. Ba sai na kama suna ba, masu ajiye karen gadi a wannan yankin sun san wurin, sun kuma san abin da ake biya. Kwikwiyon da aka kai ɗan sati 8 ne, ruwa biyu, uwarsa Alsatiyan, wato irin karen Jamus, ubansa karen gida irin wanda 'yan Legas ke ce wa ekuke.

Tun a waya suka fara burge ni. Matar da ta ɗauka ba ta ce a kawo shi yau-yau ba. Sai da ta tambayi satinsa nawa, yaushe aka raba shi da uwarsa, an taɓa ba shi maganin tsutsa ko a'a, yaya kashinsa yake. Sannan ta ce a bar shi ya yi kwana 5 zuwa 7 a gida tukuna. Wannan daidai ne. Kwikwiyon da aka canza wa gida jiya a firgice yake, cikinsa kan ɓaci saboda sauyin abinci, kuma idan ya taho da wata cuta daga inda aka saye shi, sau da yawa a cikin waɗannan kwanakin take bayyana. Ba a yi wa kare mara lafiya allurar rigakafi, asarar kuɗi ce, jikin ba zai karɓe ta yadda ya kamata ba.

Shirin da suka ce a yi ma babu abin kushewa. A zo da kashinsa na safiyar ranar a leda mai tsabta ko ƙaramar roba mai murfi, kamar cikin cokalin shayi ya isa, don a duba ƙwan tsutsa. A zo da duk takardar da mai sayarwa ya bayar, ko da hoton kwalbar allura ne a waya. A rubuto sunan abincin da yake ci da sau nawa a rana. Kada a cika masa ciki kafin tafiya, a ba shi ɗan kaɗan awa 2 ko 3 kafin a shiga mota, amma kada a hana shi gaba ɗaya, don ƙaramin kwikwiyo ba ya jure yunwa, sukarin jininsa saurin sauka yake. Nawa ƙarin shi ne, a nemi keji ko kwali mai ƙarfi da aka huda wa ramukan iska, a shimfiɗa tsohon tawul da ya saba kwanciya a kai, a riƙa sa shi ciki na minti 10 kullum tun kwana uku kafin ranar. A riƙa taɓa masa kunne, ana ɗaga leɓensa, ana riƙe ƙafafunsa, don kada hannun likita ya zama baƙon abu. Kuma a fita da sassafe. Wanda ya san cunkoson hanyar Agege da rana ya san abin da zai faru da kwikwiyo a cikin kwali, a mota mai zafi, kare kuwa ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa.

Duk wannan an yi. An isa kafin ƙarfe 9. Daga nan ne abin ya lalace.

Ɗakin jiransu guda ɗaya ne, benci biyu, da sikelin ƙasa a lungu wanda kowane kare sai ya hau kafin ya ga likita. A gabanmu akwai wani matashin kare irin Rotwaila, bai fi wata 4 ba, a kwance ba ya iya ɗaga kai, ya yi amai sau biyu a wurin, kuma da aka ɗora shi kan sikelin sai ya saki zawo mai jini. Duk wanda ya taɓa kiwon kare ya san wannan warin. Ba sai an yi gwaji ba kafin a yi zargin fabo (parvovirus), cutar karnuka mai saurin yaɗuwa da ke sa amai da zawon jini. Yaron da ke aiki a wurin ya ɗauko tsumma, ya goge abin da ido ke gani, ya fesa sifirit, ya juyo ya miƙo hannu, hannun da ko safa babu: “Yallaɓai, kawo shi a auna.”

Na ce masa, “Ɗan samari, wannan sikelin ba a hawansa yanzu. Ina bilicinku?” Ya ce ai ya goge. Bahaushe ne ɗan nan Agege, da ladabinsa, kuma a gaskiya laifin ba nasa ba ne, abin da aka koya masa ke nan. Laifin na masu wurin ne da suka ɗauki yaro aiki ba su zaunar da shi sun gaya masa mene ne fabo ba.

Ga abin da ya sa na kasa haɗiye wannan. Ƙwayar fabo ta kashi take fita, ta baki take shiga, kuma tana da taurin rai. Takan yi watanni a ƙasa, a jikin takalmi, a tsumma, a igiyar kare. Sifirit ba ya kashe ta, haka yawancin magungunan goge ƙasa masu ƙanshi. Abin da aka sani yana kashe ta shi ne bilic na wanki, kashi 1 a cikin ruwa kashi 30, bayan an kwashe ƙazantar an wanke wurin da sabulu, sannan a bar shi a jiƙe minti 10 kafin a ɗauraye. Idan ba a kwashe kashin da kyau ba, bilicin ma ba ya aiki sosai. Tsumman da yaron ya yi amfani da shi kuwa, da na bi shi da ido, cikin bokitin da suke goge ɗakin duka ya mayar da shi. Wato daga sikeli abin ya koma kowane lungu.

Kwikwiyo ɗan sati 8 da ba a yi wa ko allura ɗaya ba shi ne ainihin wanda wannan cutar ke kayarwa. Kariyar da ya sha a nonon uwa ta fara raguwa, tasa ba ta ginu ba. Allurar da za a yi masa ranar ba ta kare shi ranar, sai bayan kwanaki, kuma guda ɗaya ba ta isa. Irin su Rotwaila, Dobaman da Alsatiyan ma sun fi saurin kamuwa da tsanani. Mutum ya yi sati guda yana tsare kwikwiyo kada ya taka ƙasar waje, ya ɗauko shi a hannu tun daga gida, sai a asibiti ne za a ce ya ajiye shi a kan zawon mara lafiya. An gudu ba a tsira ba ke nan. Wurin da ke karɓar kuɗin duban farko ya kamata a ce yana da ƙofa daban ko aƙalla awa daban na kwikwiyon da ba su gama rigakafi ba, kuma wanda ya zo da amai da zawo a wuce da shi ciki kai tsaye. Ƙaramin sikelin tebur, irin na jarirai, nawa yake?

A ƙarshe da sikelin mutane aka auna: aka hau da kwalin, aka sauke kwikwiyon aka sake hawa, aka cire. Kilo 5.4. Nauyin ba abin wasa ba ne, da shi ake lissafin maganin tsutsa da na kaska, kuma mutanenmu da yawa a nan suke kuskure, su sayi magani a kemis su ba da ido.

Sai dai da aka shiga wurin likita, na sauko. Ta goge teburinta a gabanmu da ruwan bilic, ta sa sabuwar safa, ba ta kuma taɓa allura ba sai da ta gama dubawa. Zafin jiki 38.6, wanda yake cikin ƙa'ida, na kare daga 38 zuwa kusan 39.2 ne. Ta ɗaga leɓe ta duba dasashi, don farin dasashi a kwikwiyo alamar ƙarancin jini ne, tsutsa ko kaska. Ta leƙa kunne da tsakanin yatsu, ta ciro kaska biyu, ta lalubi cibiya, ta saurari ƙirji. Ta kuma gano wani ɗan ƙurji mai huda a tsakiya a gefen cikinsa, ta matse ta fito da tsutsar ƙuda, irin wadda ke shiga fatar kwikwiyon da ke kwanciya a rairayi mai danshi ko tsumma mai fitsari. Wannan ciwo ne na Legas sosai, musamman da damina. Kashin ya nuna ƙwan tsutsa, ta ba da magani daidai nauyi, ta ce a maimaita bayan sati 2.

Allurar, wadda ake kira DHLPP, haɗin rigakafin cututtuka biyar har da fabo, a gabanmu ta ciro ta daga firji, ta haɗa ruwan da garin, ta yi a take. Na tambaya yadda suke yi idan an ɗauke wuta, ta nuna min batirin sola da ma'aunin sanyi a ƙofar firjin. Rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye shi, wanda ya kwana a zafi ruwa ne kawai, shi ya sa ban yarda da masu yawo gida-gida da allura a aljihu ba. Ta bayyana cewa za a maimaita duk bayan sati 3 zuwa 4 har ya kai sati 16, ta haukan kare kuma daga wata 3. Ta ja kunne kan cutar leptospira, wadda rigakafinta ke cikin wannan haɗin, don daga fitsarin ɓera take zuwa, ga kwatoci ga ambaliya, kuma tana kama mutum. Ta ce kada a kuskura a ba shi farasitamol ko ibuprofen idan ya yi laushi, kada a zuba masa ragowar miya mai albasa. Ta sa muka zauna minti 20 ko fuska za ta kumbura. A mota muka yi zaman, ba a ɗakin jiran ba.

Da na gaya mata batun sikelin, ta ba da haƙuri, ta ce za ta yi magana. Da muka fito yaron na zuba bilic, amma a kan tsumman nan dai.

Kuma katin da suka rubuta ya sake tayar min da abin. Kwanan wata ne kawai da sa hannu. Ba su manna takardar jikin kwalbar ba, wadda ke ɗauke da sunan kamfani, lambar rukuni da ranar lalacewa. Sai da aka koma aka nema, aka tono kwalbar daga kwandon shara. Ranar da kare ya ciji ɗan maƙwabta, ko za a yi tafiya da shi Arewa, wannan katin ne hujja, kuma katin da babu lamba kowa na iya zama ya rubuta shi. A wurin biya kuma sun cusa kwalbar bitamin da sabulun wanka a lissafi ba tare da likita ta rubuta ba. An cire, amma sai da aka yi magana.

An yi kwana 14 ana sa ido, tunda alamun fabo kan fito cikin kwana 3 zuwa 7, wani lokaci su ɗan wuce haka: ƙin abinci, kwanciya, amai, sannan zawo. Alhamdulillahi babu ko ɗaya, sai barcin da ya yi ranar allurar da washegari. Takalman da aka shiga da su wurin an wanke ƙasansu da bilic kafin a shiga gida, kwalin kuma an ƙone shi.

Da farko na yi niyyar cewa kada kowa ya je. Yanzu cewa nake, don likitar ana iya zuwa, amma kada kwikwiyo ya taka ƙasarsu, kada kowa ya taɓa shi sai ita, kuma a nemi zama na farko da safe kafin marasa lafiya su iso. Allura ta biyu saura kwana 9. An riga an auna shi a gida, za a jira a mota har a kira, kuma za a tafi da sabon kwali da jarida mai tsabta ta shimfiɗa kan tebur.