Jakar matse kaya mai bawul: yadda ta yi da tulin tsofaffin tishat

Na gwada jakunkunan ledar nan da ake zuƙe wa iska, masu zif biyu a baki da bawul (ƙaramar ƙofa mai murfi da ake zuƙe iskar ta cikinta) a gefe, a kan tishat 70 da suka cika durowa uku har ba sa rufuwa. Saitin jaka shida ne: manya biyu masu faɗin santimita 80 da tsawon 100, matsakaita huɗu masu faɗin 60 da tsawon 80, sai ƙaramin famfon hannu. Jakar tana aikinta, amma a kan tishat amfaninta bai kai yadda hoton jikin kwali yake nunawa ba, kuma wanda ya zuba kaya a ciki bai tantance su ba, ɗaukar matsalar kawai ya yi daga durowa ya tura ta ƙarƙashin gado.

Iska ce kaɗai abin da jakar take cirewa. Bargo da filo yawancinsu iska ne, shi ya sa suke lotsewa sosai. Tishat ta auduga da aka ninke da kyau ba ta da wata iska mai yawa a jikinta. Tulin guda 20 da tsayinsa ya kusa santimita 30 ya dawo wajen 18 bayan an zuƙe shi. Nauyi kuwa yana nan daram. Tishat ɗin babban mutum tana tsakanin giram 150 zuwa 200, don haka guda 50 a babbar jaka sun kai kilo 7 da rabi zuwa 10, sun kuma sandare kamar katako. Ɗaga ta wahala ne, jan ta a ƙasa kuma shi ne yake huda kusurwoyinta. Matsakaiciyar ita ce ta dace da wannan aiki, a zuba mata guda 18 zuwa 20 a tsaya.

Kafin a taɓa jaka sai an zube rigunan duka a wuri ɗaya an duba su ɗaya bayan ɗaya, kuma wuri uku ake dubawa. A ja wuyan a saki: in bai koma yadda yake ba, ya riga ya mutu, wanki da guga ba za su tashe shi ba. A juya hammata: rawayan tabon nan mai tauri haɗuwar gumi ne da sinadarin alminiyom da ke cikin yawancin magungunan hana gumi, kuma daɗewa a ajiye ƙara kama shi take yi. Sannan a ɗaga rigar a hasken taga, nan ƙananan hujin da ke daidai kan bel suke bayyana. Rigar da ta faɗi ko da ɗaya daga cikin ukun nan ba ta cancanci jaka ba, ba ta kuma cancanci a ba wani ba. Tsumma ce, kuma tsumma mai kyau: a yanke hannuwa, wuya da kalmasar ƙasa, a raba gaba da baya zuwa murabba'i mai kamar santimita 30. Saƙar tishat ba ta warwarewa in an yanka ta, gefen naɗewa kawai yake yi, don haka ba sai an yi mata ɗinki ba. Auduga ce ke shan ruwa; masu foliyesta zalla yawo da ruwa suke yi a kan tebur, ba sa tsane shi.

Masu lafiya da ba a sakawa, a wanke a bayar tun suna da kyau. Waɗanda ake sakawa kullum su koma durowa, a ninke su a jera su a tsaye yadda za a ga kowacce daga sama. Abin da ya rage wa jaka shi ne na tarihi da ba a iya rabuwa da su da na wani yanayi da bai zo ba. Daga cikin 70 ɗin, 19 ne suka shiga wannan rukuni, wato jaka ɗaya.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen zubawa. Dole kowace riga ta zama wankakkiya, ta kuma bushe ƙayau. Auduga tana riƙe laima ko da hannu bai ji ba, musamman a wuya da kalmasa inda yadin ya ninku. In aka rufe laimar nan a leda ba ta da hanyar fita, sai a buɗe bayan wata uku a tarar da warin rima da ɗigon fumfuna. Gara a ƙara musu yini guda a shanya, a kuma jefa ƙananan ƙunshin silika biyu ko uku, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi.

Sai maganar zane da rubutun gaban riga, wanda shi ne dalilin ajiye yawancinsu. Zanen mai kauri da ake jin sa kamar roba a hannu yana laushi in ya ji zafi. In zane ya haɗu da zane ƙarƙashin matsi, mannewa suke yi, ranar rabawa kuma ɗaya ya ɗauko fatar ɗaya. Maganinsa a juya kowace riga ciki ya koma waje, a shimfiɗa farar takarda marar rubutu a kan zanen, kuma kada layin ninki ya ratsa tsakiyarsa, don a nan yake tsagewa. Jarida ba ta dace ba, tawadarta tana zuba. Kada kuma a zuƙe iskar har jaka ta yi tauri. A tsaya tun tana ɗan lotsawa in an danna da yatsa.

Zif ɗin shi ne rauninta. Daga cikin jaka shidan, biyu sun kumbura kafin gari ya waye, kuma duka biyun ba huji ba ne. Ɗaya zare ne siriri ya shiga tsakanin layukan zif, ɗayar kuma murfin bawul ne bai ɗauru sosai ba. A bar tazarar kamar faɗin tafin hannu tsakanin kaya da baki, a goge bakin da busasshen ƙyalle, a ja maƙallin zif ɗin sau biyu, zuwa da dawowa, sannan a bi layin da babban yatsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, domin kusurwoyin ne maƙallin yake tsallakewa. A bar jakar a fili kwana ɗaya kafin a ɓoye ta. In ta sake shan iska alhali zif da bawul lafiya lau, to huji ne. A danna ta a saurari inda take huci, a liƙe da faffaɗan salatif.

Famfon hannun yana aiki, sai dai matsakaiciyar jaka ɗaya tana cin minti uku zuwa biyar na bugu, injin shara mai zuƙa kuwa cikin ƙasa da minti ɗaya ya gama. Rigunan suna fitowa a yamutse matuƙa. Yayyafa ruwa da guga ta bayan yadi suna gyara su, amma kada dutsen guga ya hau kan zane. Masu haɗin roba da ke miƙewa ban ga dalilin matse su ba, robar tana lalacewa da daɗewa ko an saka ko ba a saka ba. Jakar kanta a ajiye ta nesa da rana da rufin da ke ɗaukar zafi, a buɗe ta duk wata shida rigunan su sha iska, a rubuta adadinsu da ranar rufewa a takarda a saka ta ciki ta fuskar da ake gani.