Motar da ta kai mana bakwaini Birnin Kebbi daga Koko

Duk mai neman motar da za ta kai bakwaini babban asibiti ya fara tambayar abu biyu kafin ya yi maganar kuɗi: wa zai zauna da jaririn a baya, kuma tukunyar oksijin nawa ce a cikin motar. Wadda muka yi haya, ta 'yan kasuwa ce, ta cika duka biyun, shi ya sa nake yaba ta duk da ƙorafin da nake da shi.

Ɗiyar ƙanena ce aka haifa a sati 31, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Ƙirjinta na lotsawa, tana wani nishi ƙasa-ƙasa. Huhun bakwaini bai gama nuna ba, da ta fitar da iska sai ya manne, kowane numfashi ya zama sabon aiki. Inda aka haife ta babu kwalba, likita ya ce sai Birnin Kebbi.

Nas ɗin da ta zo da motar ba ta yi gaggawa ba, har raina ya fara ɓaci. Ta ce, “Gwaggo, ki yi haƙuri, ba a gyaran jariri a kan titi.” Ta auna sukarin jininta, ta sa mata hula, ta naɗe ta, ta zura siririyar roba ta baki zuwa ciki don iskar da ke taruwa ta sami mafita. Sannan ta ɗaura mata CPAP: 'yan robobi biyu a ƙofar hanci, ba a tura komai maƙogwaro, yarinya ke numfashinta da kanta, na'urar dai na hana huhun rufewa. Ƙarshen tiyon na'urar yana nutse cikin gorar ruwa, daidai santimita 5, yana ta ɓulɓul. Ta ce in sa ido, in kumfan ya tsaya, iska na zurarewa ta wani wuri.

Ya kuwa tsaya, bayan mun wuce Maiyama, da muka faɗa wani rami. Robar ta goce daga hanci. Ta buga wa direba, ya gangara gefe, ta mayar, ta tallafe haɓar yarinyar, kumfa ya dawo. Awon oksijin na jini da abin da ke maƙale a ƙafar yarinyar ke nunawa kuma, nas ɗin tana riƙe shi tsakanin kashi 90 da 95, ta ƙi ƙara oksijin da na roƙa, don yawansa na lalata idon bakwaini. Tun kafin Jega ta kira asibitin, muna isa gado na jiranmu.

Ƙorafina sanyi ne. Lokacin hunturu ne, motar ba abin ɗumama ciki, ƙofar baya kuma ba ta rufuwa ruf. Da muka isa ɗumin jikin yarinyar ya sauka ƙasa da digiri 36.5, alhali nan ne iyakar da bai kamata a gangara ba. Wannan sakaci ne. Kuma sai da muka biya kuɗi duka kafin a tada mota, ƙanena na ta buga wa dangi waya cikin dare.

Yarinya na gida yanzu, tana kama nono, alhamdu lillahi. Na bai wa ungozomar unguwarmu lambarsu, na ce duk wanda zai kira ya tabbatar da nas za a zo, ya kuma tafi da bargo mai kauri.