Gaggia Classic Pro a hannun sabon shiga: inda laifin injin yake da inda ba nasa ba

Tun 1991 kamfanin Gaggia na Italiya ke ƙera wannan ƙaramin injin esfireso na gida, samfurin Pro kuma ya fito a 2019. Jikinsa ƙarfe ne marar tsatsa, makunni uku ne kawai a goshinsa: na wuta, na famfo, na tururi. Ba allo, ba agogo, ba abin da zai gaya maka ka yi kuskure sai harshenka. Tankinsa na cin lita 2.1, mariƙin ƙoƙon kofinsa kuma milimita 58 ne, girman da manyan injinan shaguna ke amfani da shi, don haka ƙoƙo da madanni da sauran tarkace ba sa wuyar samu. Inji ne mai ƙarko, amma ba ya rufa wa kowa asiri. Makon farko yawanci tsami ake sha.

Kafin a kai ga ɗanɗano, a duba wuta. Wanda aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, wutar Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ce. In za a yi oda ko a ba wani sautu, a nemi na Turai ko na Ingila. Yana jan sama da wat 1,000 lokacin da yake ɗumama ruwa, ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba, kuma in wuta ta yi ƙasa famfon yakan yi kasala, kofin ya fito ba yadda aka saba ba.

A cikin kwalin akwai ƙoƙo iri biyu, kuma nan ne ruɗanin farko. Mai rami ɗaya tal a gindi shi ke ƙirƙiro matsi da kansa, ko da garin kofin na gwangwani ne zai fito da kumfa. Shi wannan sai an saka ɗan ƙaramin baƙin filastik ɗin da ke zuwa tare da shi a cikin mariƙin, in ba haka ba ya yi ta feshi ko'ina. Kumfar tasa ta iska ce, tana da kyan gani, ba ta ƙara wa kofin komai. Ɗayan ƙoƙon, mai ɗaruruwan ƙananan ramuka, shi ne na ainihi, kuma a cikinsa garin kofin ne kaɗai ke tare ruwa. In niƙan bai yi laushi daidai ba, ruwan ya wuce abinsa.

Shi ya sa injin niƙa ya fi wannan injin muhimmanci. Maniƙa mai wuƙa, irin ta kayan yaji, sara take yi: wani gari, wani tsaki. Ana buƙatar mai haƙoran ƙarfe biyu da ake matsewa ko sassautawa kaɗan-kaɗan, ko ta hannu ce. Wanda kuɗinsa ba za su kai ga biyun ba, gara ya jinkirta. Sai sikeli mai auna kashi ɗaya cikin goma na giram. Madannin filastik da ke cikin kwalin bai cika bakin ƙoƙon ba, a ajiye shi a nemi na ƙarfe.

Awon farawa shi ne giram 18 na gari ya ba da giram 36 na kofi cikin sakan 25 zuwa 30 daga danna makunnin famfo. Ƙoƙon kamfanin wani lokaci 16 ko 17 ya fi yi masa daidai. Hanyar ganewa: a danne garin, a ɗaura mariƙin, a kwance ba tare da an kunna ruwa ba. In an ga shatin kan sukurun da ke riƙe da matacin sama a jikin garin, ya yi yawa, a rage giram ɗaya.

In giram 36 suka cika cikin sakan 12 ko 15, ruwan ya fito fari-fari kamar daga famfo, kofin zai yi tsami, ya tsinke, har da ɗan gishiri-gishiri a gefen harshe. Ruwan bai daɗe da garin ba, sai tsamin da ke saurin narkewa kawai ya kwaso. A ƙara laushin niƙa. In kuma sai an kai sakan 15 kafin ɗigon farko, yana saukowa baƙi ƙirin ɗis-ɗis, za a sha ɗaci da baurin da ke busar da baki. A sassauta niƙan. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji. Mai canza niƙa da awo da ƙarfin danni lokaci guda ba zai taɓa sanin wanne ya yi aiki ba. Kuma bayan an juya maniƙa, a zubar da giram biyu ko uku na farko, ragowar tsohon niƙa ne.

Matsalar da ta fi rikita mutane ita ce kofi ya haɗa tsami da ɗaci a kurɓi ɗaya, alhali lokacin ya yi daidai. Ruwa ne ya sami ɓaraka a garin ya bi ta nan, kamar zaizayar damina a gona: inda ya bi ya wanke fiye da kima, sauran wurin ko jiƙa kirki bai yi ba. Sanadin shi ne dunƙulen gari, ko danni a karkace, ko ƙwanƙwasa gefen mariƙin bayan an danne. Maganin ba tsada: a soka siraran allurai huɗu ko biyar a jikin toshiyar kwalba, a motsa garin daga ƙasa zuwa sama har ya baje, sannan a danne a miƙe har sai an ji ya daina nutsewa. Ba ƙarfi ake nema ba, daidaito ake nema. Da hunturu garin kan manne a jikin maniƙa yana tashi saboda bushewar iska. Ɗigon ruwa ɗaya a cakuɗa da ƙwayar kafin niƙa yana kashe wannan.

Yanzu ga laifin injin da kansa. Tukunyarsa ƙarama ce, wajen mililita 100, kuma abin da ke kula da zafinta kunnawa da kashewa kawai ya iya, don haka zafin na hawa da sauka da tazara mai yawa. Esfireso na son digiri 90 zuwa 96. Fitilar da ke nuna ruwa ya yi zafi na kamawa cikin 'yan mintuna, amma ƙarfen kan injin da mariƙin suna nan da sanyi, su zuƙe zafin ruwan, kofin ya yi tsami ko da niƙan daidai ne. A bar shi minti 15 zuwa 20 da mariƙin a ɗaure. Sannan a saki ruwa har fitilar ta mutu, a jira ta sake kamawa, a ɗaura kofin a kunna nan take, kullum a wannan gaɓar. Dabara ce mai aiki, amma gaskiya inji a wannan matsayi ya kamata a ce ya sauƙaƙa wa mutum wannan. Samfurin E24 na 2024 ya zo da tukunyar tagulla maimakon alminiyam, tana riƙe zafi fiye da ta da.

Na biyu, matsi. Bar 9 ake so (bar ma'aunin matsin ruwa ne), amma yawancin samfurin 2019 sun fito da bawul da aka saita sama da haka, wajen 12, wanda ke ƙara tsananta ɓarakar nan. Canza ɗan sifirin da ke cikin bawul ɗin aikin 'yan mintuna ne, sai dai a cire fulogi tukuna, kuma yana iya taɓa garanti. Na uku, tsakanin bakin mariƙin da farantin ɗiga akwai ƙunci, sikeli da kofi ba sa shiga tare sai an yi dabara ko an sayi faranti gajere.

Bututun tururinsa na kirki ne. A kunna, a jira kamar rabin minti, a fara fesar da ruwan da ya taru a ciki, sannan a sa bakin ƙasa kaɗan da saman madara mai sanyi har a ji ƙara kamar ana yaga takarda. Digiri 60 zuwa 65 ya isa, wato lokacin da tafin hannu ya kasa jure gindin butar. Da an gama a kashe tururin, a buɗe bututun a kunna famfo har ruwa ya fito, don tukunyar ta sake cika. Barin ta rabi a kan wuta na cin injin.

Ruwa kuma shi ke kashe irin waɗannan injina. Duk ruwan da ke barin farin ɓawo a gindin butar shayi, kamar na wasu rijiyoyin burtsatse, zai bar shi a tukunyar, ɓarɓashinsa ya toshe ɗan ramin bawul ɗin da ke sauke matsi bayan an kashe famfo. Alamarsa: famfo na kuka, ruwa na fita ta bututun tururi, amma ta kan injin shiru. A yi amfani da ruwa mai sauƙin gishiri, a wanke ɓawon da maganin da kamfanin ya tanada, kada a zuba ruwan khal a tukunyar alminiyam. In kofi ya fara tsiyaya ta gefen mariƙin, ko sai an murɗa shi ya wuce tsakiya sosai kafin ya kama, robar da ke zagaye da kan injin ce ta bushe. A kwance sukurun matacin, a cire noti biyu da alanki, a ɓanɓaro tsohuwar a sa sabuwa.

Wanda kofi mai madara da sukari yake so da safe ba tare da awo ba, wannan injin zai gajiyar da shi. Mai niyyar koyo kuwa ya tanadi ƙwaya aƙalla rabin kilo iri ɗaya, matsakaiciyar suya, wadda ta yi sati ɗaya zuwa huɗu da soyawa, don giram 250 na iya ƙarewa kafin a kama saitin niƙan.