Gargaɗi kan mai tallan "rokar ɗalibai" a WhatsApp nan Damagaram

Assalamu alaikum iyaye, malamai ƴan uwana da ɗalibai.

Tun bayan komawa makaranta wani talla ke yawo a zaurukan WhatsApp na iyayen yara da na ɗaliban lise da jami'a nan Zinder, yana kuma fitowa a Facebook. Bidiyo ne na wata ƙaramar roka da ke tashi daga fili mai koriyar ciyawa. Can sama sai ta rabu biyu, wani ɗan jirgi mai fukafukai ya ci gaba da shawagi yana kewayawa har ya sauka lafiya. A ƙarƙashi an rubuta cewa ana sayar da kayan haɗa ta dukkansu, har da injunan harbawa, jika ashirin da biyar, a kawo maka tasha cikin mako guda. Don Allah kada kowa ya tura wa mai tallan ko dala ɗaya. Damfara ce, kuma wani ɓangare nata yana iya raba yaro da yatsunsa ko idonsa.

Ina koyar da fizik, kuma na daɗe ina bibiyar wannan fanni saboda yara suna son sa. Shi ya sa iyayen da abin ya shafa suka zo wurina da saƙonnin da suka yi da mutumin, ɗaya ma da kwalin da aka aiko masa. Daga abin da na gani nake magana.

Yadda yake yi kusan iri ɗaya ne da kowa. Zai ce kayan suna Kano, a ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. Bayan ƴan kwanaki ya kira da murya mai ban tausayi, wai kaya sun maƙale a hannun ƴan duwan a kan iyaka, sai an ƙara jika goma. In ka tura, ya dawo da zancen takardar izinin albarushi, ita ma da kuɗinta. Sunan da ke karɓar kuɗin a wurin turawa ba ya zama ɗaya da sunan da ke kan shafin, lambar kuma takan canza tsakanin biya na farko da na biyu. Ranar da ka ce a mayar maka da kuɗinka, ranar zai toshe ka. Wani uba, tela ne, kuɗin ɗinkin da ya tara ya ba da, don ɗansa ya fi kowa maki a kimiyya kuma ya yi masa alkawarin kyauta. Da yake ba ni labari cewa ya yi asarar kuɗin ba ta dame shi kamar yadda yaron ke tambayarsa kullum ko motar Kano ta iso.

Abin da mutumin ke tallatawa akwai shi da gaske, shi ya sa ƙaryar ke shiga. Wasan ƙananan rokoki ya kafu a Amurka tun 1957, lokacin da G. Harry Stine da Orville Carlisle suka assasa ƙungiyar da ake kira NAR a yau, kuma a 1958 Vern Estes ya buɗe kamfanin da har yanzu ke yin injunan a jihar Kolorado. Dalilin kafa abin ma shi ne a hana samari cusa albarushi a bututu da hannunsu, domin da yawa sun ji munanan raunuka ta haka. Wannan ɗan damfara yana amfani da sunan wasan yana dawo mana da ainihin haɗarin da aka ƙirƙiri wasan don a kauce masa.

Bari in bayyana yadda na gaskiya yake, don wanda ya san shi ba za a sayar masa da na bogi ba. Jirgin shawagin ana yin sa ne da katakon balsa, itacen da akasari daga Ekwado ake samo shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, in ka danna farce sai ya lotsa. Ana yanke fukafukai, a goge su da takardar yashi har gabansu ya yi kumburi kaɗan bayansu ya yi siriri, a manna su suna ɗan ɗagowa sama ta gefe biyu don jirgin ya riƙa daidaita kansa a iska. A gabansa ake rataya wani bututun kwali mai ɗauke da inji, da ɗan ƙugiya. Lokacin tashi nauyin bututun ne ke jan gaba, ya hana fukafukan murɗe tafiyar. In an kai ƙololuwa, wata ƴar fashewa a cikin injin ta tura hancin bututun waje, girgizar ta kwance ƙugiyar, bututu ya sauko da zirin leda yana rage masa gudu, jirgi kuma ya kama shawagi shi kaɗai. Kafin a kai ga harbawa, sai mai haɗawa ya yi ta jefa jirgin da hannu a wuri mara iska, yana ƙara ɗan yumɓu a hanci ko yana ragewa, har ya daina dungurawa ƙasa ko ɗaga kai ya faɗo. Ana kuma sa masa ɗan karkata don ya riƙa kewaya, in ba haka ba ya miƙe ya tafi, ba za ka sake ganinsa ba. Wannan aikin haƙurin shi ne darasin, shi ne abin da nake so yaranmu su koya.

Kwalin da aka kawo mini kuwa, fallen katakon silin ne a ciki, an yanka shi da zarto, nauyinsa ya isa a yi murfin akwati. Babu takardar bayani, babu zane, babu sunan kamfani. Ko da hannu ka jefa shi faɗuwa zai yi.

Injunan su ne suka sa na kasa yin shiru. Injin gaskiya bututun takarda ne mai kauri da aka naɗe a masana'anta, ƙasansa an toshe da yumɓu mai ƴar ƙofa a tsakiya. Wanda aka fi amfani da shi faɗinsa milimita 18 ne, tsawonsa milimita 70. A jikinsa akwai lamba a buge, misali B4-2. Harafin yana nuna jimillar ƙarfinsa, kowane harafi ninki biyu ne na wanda ya gabace shi: A ya tsaya a 2.5 a ma'aunin niyuton-daƙiƙa, B a 5, C a 10. Lamba ta farko matsakaicin turawarsa ce, ta ƙarshe kuma daƙiƙoƙin da zai jira bayan wuta ta ƙare kafin ya raba jirgi da bututu. Jirgin shawagi yana buƙatar gajeren jira, daƙiƙa biyu ko uku, saboda fukafukansa suna rage masa gudu da wuri. In jiran ya yi tsawo, zai riga ya juyo yana nutsowa ƙasa, rabuwar ta zo a makare, fukafukai su karye. Na sa ɗaya daga cikin iyayen ya tambayi mai tallan wace lamba ce a jikin injunansa. Amsar da ya bayar ita ce masu ƙarfi ne sosai, suna kaiwa kilomita biyu. Wanda ya taɓa riƙe inji ɗaya a hannunsa ba zai ba da wannan amsa ba. Irin wannan jirgi da injin B, in ya kai mita ɗari da ƴan kai ya yi ƙoƙari.

Abin da ke cikin kwalin wasu ƙunsassun bututu ne da aka naɗe da salatif, kowanne da lagwani a baki, irin abin tartsatsin wutan da yara ke fasawa lokacin biki. Injin gaskiya ba a kunna shi da ashana. Da batir ake kunna shi ta doguwar waya, mutum yana tsaye aƙalla mita biyar nesa, da ɗan makulli da ake zarewa duk lokacin da wani zai matsa kusa, roka kuma tana zure a kan sandar ƙarfe mai kusan mita ɗaya da ke miƙar da ita sama. Duk abin da aka ba ɗanka aka ce ya kusanta masa wuta da hannu, ba injin roka ba ne. Ba wanda ya san me aka cusa a ciki, kuma an yi shi ne don ya fashe.

Akwai kuma abin da ya kamata ya tsayar da kowa tun a tallan. Injunan nan albarushi ne a cikinsu, don haka a dokar sufuri ta duniya suna cikin kayan da ke fashewa. Ba a saka su a wasiƙa ko a jakar matafiyi a jirgin sama, ko a Amurka ma aika su yana da nasa ƙa'idoji. To ta yaya wani zai ɗoro su a motar fasinja daga Kano, ya bi da su ta Matamaye, ya ajiye maka a tasha kamar buhun barkono? Ko dai ba shi da su, ko kuma abin da zai aiko ya jefa ka cikin matsala. Ku tuna halin tsaro da ƙasarmu ke ciki. Yaro ya harba abu mai hayaƙi sama a garin da ke da filin jirgi da barikin soja, uban ne zai je yin bayani. Duk makarantar da ke son yin irin wannan gwaji ta fara neman izinin hukuma a rubuce, ta tambayi ANAC, hukumar da ke kula da sufurin jiragen sama.

Ko da kayan na gaskiya ne ma, ba a harba su a tsakar gida a Birni ko Zango ko Garin Malam. Ƙa'idar masu wasan ta ce injin B yana buƙatar fili mai faɗin mita 60 ta kowane gefe, na C mita 120, a share busasshiyar ciyawa, kuma kada iska ta wuce kilomita 32 a awa. Ku dubi lokacin hunturu a nan, ga iska, ga zana, ga karan da aka tara da rumbuna cike bayan girbi, ga ƙarancin ruwan da kowa ya sani a garin nan. Tartsatsi ɗaya ya isa.

Kwanan nan mai tallan ya ƙara wani salo, wai wanda ya sayi kayan za a sa sunansa a gasar ƙasa da ƙasa, a biya kuɗin rajista da hoton fasfo. Gasar duniya ta ƙananan rokoki tana nan, FAI, ƙungiyar wasannin sama ta duniya mai hedikwata a Lozan ta Suwizalan, ke shirya ta, har da rukunin jiragen shawagi. Amma tawagar ƙasa ce ke zuwa, ta hannun ƙungiyar wasannin sama ta ƙasar, ba wanda ke shiga ta lambar waya. Kada ku aika masa hoton katin ɗan ƙasa ko takardar haihuwar yaro, da su zai buɗe wata lambar ya damfari wani da sunanku.

Ba na so wannan ya kashe wa yara sha'awa. Yaron da ya iya ƙera mota da karan dawa zai iya ƙera jirgin shawagi da kwali mara nauyi ko farar soson da ke zuwa cikin kwalin firji, ya koyi daidaita shi da jifa ko da roba. Roka kuma ana yin ta da gorar lemo ta roba, a zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a hura iska da famfon keke, ta tashi sama da dogon gini ba wuta ba albarushi, da babba a tsaye yana kula. Dokar Niyuton ta uku da ke tura rokar gaske ita ce ke tura wannan.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana rasit ɗin turawa, ya ɗauki hoton duk saƙonnin da lambobin kafin a goge su, ya kai ofishin ƴan sanda ko na jandarma. Ƙasarmu tana da dokar laifuffukan intanet tun 2019, kuma ƙorafin mutum goma ya fi na mutum ɗaya nauyi. Masu kula da zaurukan iyaye su cire tallan, daraktocin makarantu su sanar a wurin taron safe.

Wanda kuma kwalin ya riga ya shiga gidansa, ya karɓe bututun nan daga hannun yara yau ɗin nan. Kada a kunna su don gwaji, kada a yanka a ga abin da ke ciki, kada a jefa su a shara inda ake ƙonawa. A ajiye su a inuwa nesa da murhu da tukunyar gas, a sanar da hukuma ta zo ta ɗauka.