Na kira Acas lokacin da aka ce za a rage ma'aikata

Duk wanda ke aiki a Ingila, Sikotlan ko Wales, aka kuma ce masa kamfani zai rage ma'aikata, ya buga wa Acas waya kafin ya sa hannu a kowace takarda. Hukuma ce da gwamnati ke ɗaukar nauyinta don sasanta ma'aikata da iyayen gidansu, tana nan tun shekarun 1970, kuma shawararta kyauta ce. Sai dai mutum ya san irin abin da zai samu, don kada ya yi zaton lauya ya ɗauka.

Ni a sashen lissafin kuɗi nake, a wani kamfanin rarraba kaya. Mu shida ne kan aiki iri ɗaya, aka ce huɗu za a bari. Aka fito da takardar ba da maki: ƙwarewa, fashin aiki, ladabtarwa, sai wani gurbi wai shi "halayya", wanda har yau ban ga ma'aunin da ake auna shi ba. Ina da sikila, saboda haka tun kafin a faɗa na san gurbin fashi ne zai kayar da ni.

Matar da ta ɗauki wayar ba ta tsaya jajantawa ba, tambayoyi ta jero mini. Shekara nawa na yi a wurin? Mutum nawa za a sallama? Kamfanin ya san da ciwona a rubuce? An nuna mini makina? Amsar kowacce tana da abin da ta buɗe. Wanda ya cika shekara biyu yana da kuɗin sallama na doka: rabin albashin mako kan kowace shekarar da ya yi yana ƙasa da 22, albashin mako ɗaya daga 22 zuwa 40, ɗaya da rabi daga 41 zuwa sama. Ba a ƙirga fiye da shekara 20, kuma albashin makon yana da iyaka, wadda a Afrilun 2025 aka sa ta fam 719. Idan za a sallami mutum 20 ko fiye a wuri ɗaya cikin kwana 90, dole a zauna da wakilan ma'aikata aƙalla kwana 30 kafin a sallami na farko, kwana 45 idan sun kai 100. Namu bai kai haka ba, amma ta ce duk da haka sai an zauna da ni an saurare ni tun shawara ba ta yanke ba.

Inda ta fi yi mini amfani shi ne batun ciwon. Dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci saboda abubuwa tara, ciki har da shekaru, jinsi, launin fata, addini, juna biyu da nakasa. Ciwon da ya daɗe, wato ya kai wata 12 ko ana ganin zai kai, kuma yana taɓa harkokin mutum na yau da kullum sosai, yana iya shiga ƙarƙashin nakasa. In haka ne, ƙirga kwanakin asibitinsa kamar fashin ganin dama na iya jefa kamfani cikin matsala. Wannan kariyar ba ta jiran shekara biyu, daga ranar farko take. Na rubuta wa manajanmu wasiƙa a kan haka, na nemi makina da bayanin yadda aka ba da su. Aka sake lissafi ba tare da kwanakin jinyar ba, na tsira da aikina.

Na kuma tambaye ta wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya: an taɓa tsallake ni a ƙarin girma aka ba wanda ni na koya wa aiki. A nan amsar ba ta yi daɗi ba. Babu dokar da ta ce dole a ba wanda ya fi daɗewa. Maigida na iya yin zaɓin da kowa ke ganin bai dace ba kuma bai taka doka ba, muddin dalilin bai rataya a kan ɗaya daga abubuwan nan tara ba. Ga shi kuma lokaci ya riga ya wuce, domin a sa'in da na kira, wa'adin kai ƙara kotun ma'aikata wata uku ne ba kwana ɗaya.

Na matsa mata ta gaya mini ko da na je kotu zan yi nasara, ta ƙi. Acas ba ta ɓangaren kowa, layin da na kira shi ne maigidana ma zai kira. Wannan tsaka-tsakin ne ya sa ɓangarori biyu ke yarda da ita, amma mai neman wanda zai tsaya masa a ɗakin taro sai ya nemi ƙungiyar ƙwadago ko lauya.

Ɗaya daga cikin biyun da aka sallama ta bi hanyar sulhun Acas, domin tun 2014 ya zama dole a sanar da hukumar kafin a shigar da yawancin ƙararraki. Mai sulhun yana kai magana yana kawowa ta waya, agogon wa'adin kuma yana tsayawa yayin da ake yi. Idan an daidaita, a rubuta yarjejeniyar da ake kira COT3, wadda ke ɗaure kowa tun daga lokacin da aka amince da ita, ko da da baki ne. Mai sulhun ba zai ce maka kuɗin da aka taya ya yi kaɗan ba. Ita sai da ta kai tayin wurin wakilin ƙungiyarta ya duba kafin ta ce ta yarda.